Kundin Aikin Ƙaramin Cutty Sark: Kayan Katako da na Tagulla

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Gangar jikin jirgin ta kammala tun ƙarshen damina. Tana nan kan teburi, na lulluɓe ta da tsohon zani saboda ƙura. Tsawonta santimita 67 da rabi, faɗinta 11 da 'yan kai. Ainihin jirgin, Cutty Sark, wanda ke ajiye a Greenwich a birnin Landan, tsawon gangar jikinsa ya kusa mita 65, faɗinsa kusan mita 11. Ni kuwa kowane awo sai na raba shi gida 96. A wannan lissafi, mutum mai matsakaicin tsayi ba zai kai santimita 2 ba idan ya tsaya a kan nawa jirgin. Daga nan sai a kwatanta girman abin da ya rage mini: anka, sarƙa, zobba, 'yan turakun ɗaure igiya, sandunan da ake rataya ƙyallayen iska, da ɗaruruwan 'yan katakan da igiyoyi ke ratsawa.

Masu wannan sha'awa a Turai, da yawansu sayen irin waɗannan kayan suke yi a shirye. Ni da hannu nake son yin nawa. Kayan aikina duka akwatin takalmi ɗaya ya ɗauke su: siririn zarto irin na maƙeran zinariya, ƙananan magagarai huɗu, filaya biyu, reza, dutsen washi, sanfefa, ƙarfen soda na masu gyaran rediyo, da wani tsohon injin huda mai mariƙin juyawa da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Zanen da nake bi na wani masanin zanen jiragen ruwa ne, George Campbell, na sa an faɗaɗa mini shi ya dace da awona. Takardar farko da aka buga mini ta miƙe ta gefe guda, sai da na aza rula a kanta na gano. Tun daga ranar ba na yarda da takarda sai na auna ta a tsaye da kwance.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau neman itace na fita. Madacin da na yi gangar jiki da shi ba zai yi wannan aiki ba, domin ƙofofin jikinsa manya ne. Abin da ba a lura da shi a jikin kujera, a jikin abu mai milimita 3 rami ne sosai. A Na'ibawa wajen 'yan katako na samu guntun kanya busasshe mai duhun ciki. Daga nan na biya wajen masu sassaƙa allo, suka tara mini ɓarɓashin aduwa, ko sisi ba su karɓa ba. Aduwa ta ba ni mamaki. Naman itacen a haɗe yake, fari mai ɗan rawaya, reza na bi ta kansa ba ya tsagewa. Ba banza ba aka zaɓe ta tun kaka da kakanni don allon da za a yi shekaru ana rubutu ana wankewa.

Da dare na zauna yin mahuji. Bakin injin huda mafi siriri da na samu a kasuwa milimita 1 ne, ni kuwa ƙasa da rabin haka nake nema. Allurar ɗinki ita ce mafita. A karye tsininta, a goga bakin a dutsen washi ta gefe biyu har ya yi fale-fale, sannan a ɗan karkata kaifin kowane gefe. Gindin kuma a kafa shi cikin guntun gora. Ana murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, kamar mai kaɗi da mazari. Na yi biyar, biyu sun karye tun wajen washi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Kwana takwas ina kan abu ɗaya, wato katakon nan mai ido uku.

Bari in bayyana shi. Ginshiƙan jirgin guda uku, igiyoyi ne ke riƙe da su ta dama da hagu. Kowace igiya idan ta sauko gefen jirgi tana ƙarewa ne a jikin wani kewayayyen katako mai huda uku, a ƙasansa kuma akwai ɗan'uwansa da aka kafe a jikin jirgin. Sai a zura siririyar igiya ta waɗannan hudoji shida, sama da ƙasa, a ja. Da haka ake ɗame babbar igiyar, idan ta saki kuma a ƙara ja. Matuƙan Ingila “mataccen ido” suke ce masa. Na sama hudarsa guda ɗaya tana kallon sama, biyun suna ƙasa, na ƙasa kuma akasin haka.

Na fara da fere kanya ta zama sanda. Wani makanike maƙwabcina ya huda mini guntun ƙarfe da ramuka huɗu, daga milimita 4 suna raguwa zuwa 3, ina zura sandar ina ja tana kankarewa har ta mulmule. Sai na yanka ta fala-fala, na shiga huda kowanne. Cikin ashirin na farko, sha ɗaya sun dare a hannuna. Taran da suka tsira, da na jera su a farar takarda, kowanne da tasa fuskar: wannan idanunsa sun matsu, wancan ɗaya ya zame gefe. Ɗaya-ɗaya ba su da laifi. Amma a jirgi jere suke zama, goma-goma a layi, kuma ido ba ya yafe wa layin da ya saɓa.

A nan na gane inda gizo ke saƙar. Ƙanƙantar ba ita ce wahalar ba, wahalar ita ce na hamsin ya fito daidai da na farko. Hannu kuwa, komai ƙwarewarsa, ba ya maimaita kansa. Saboda haka na ajiye katako na koma ƙera abin da zai ja wa hannun gora. Na ɓalle eriyar wata matacciyar rediyo, wadda bututunta na tagulla ne, kowanne yana shiga cikin ɗan'uwansa. Na zaɓi wanda sandar ke shiga cif, na yanki guntu, na like masa hula da ƙyallen gwangwanin madara, na huda ramuka uku a hular bayan na auna su da kyau. Sau huɗu ina yin hular kafin ta yi.

Yanzu aikin ya juya. Sandar tana damƙe a bakin injin huda, injin kuma na ɗaure shi a kwance a jikin teburi. In kifa hular a kan sandar, in huda uku. In cire, in sa ɗan yayana ya juya mini mariƙin, in kafa gefen magagari ya tsaga kwarin da igiya za ta kwanta a ciki. Yanka shi ne na ƙarshe. Tun ran gini tun ran zane: muddin abin yana jikin uwarsa yana da mariƙi, kuma ba ya darewa. Yau kaɗai mun fitar da 26, biyu ne suka lalace. Yaron ya ce, “Kawu, yanzu duk sun zama 'yan gida ɗaya.”

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Ban taɓa aiki yau ba, amma ranar ta cancanci a rubuta ta. Shekara 155 ke nan cif da aka tura jirgin nan ruwa a Dumbarton ta ƙasar Sikotlan, ranar 22 ga Nuwamba, 1869. Hercules Linton ne ya zana shi, John Willis kuma shi ne mai shi, an yi shi ne don tseren kawo sabon ganyen shayi daga Sin zuwa Landan. Kwana biyar kafin nan aka buɗe mashigin Suwez, wanda ya gajarta wa jiragen tururi hanya, su kuwa masu tafiya da iska dole su ci gaba da zagaye Afirka. Sau takwas kawai ya ɗauko shayi, na ƙarshe a 1877. Sunan da ya yi, a jigilar gashin tumaki daga Ostareliya ya yi shi, a hannun Kyaftin Richard Woodget daga 1885. Ina tausayin wannan jirgi, kuma tausayin yana cikin abin da ya sa na zaɓe shi.

Asabar, 7 ga Disamba

Na koma kan ƙarfe, tagulla kuwa ta ƙi ni. Kowane mai ido uku na ƙasa yana buƙatar ɗamarar waya da za ta zagaye shi ta sauka ta kama jikin jirgi. Da na lanƙwasa wayar sau ɗaya, in zo gyarawa, sai ta ɓalle. Na yi asarar kusan kamu biyu.

Sai na ɗauki guntayen na tafi Kasuwar Kurmi wajen wani dattijo maƙerin farin ƙarfe da muka saba gaisawa. Bayan mun gaisa na zube masa su a tabarma.

Na ce, “Baba, wayar nan ce ta gagare ni. Ko ba ta da kyau ne?”

Ya ɗaga ɗaya ya duba, ya ce, “Ɗana, wayarka lafiya lau take. Ba ka gasa ta ba ne. Tagulla in ta sha duka ko lanƙwasa, taurin kai take yi. Sai ka kai ta wuta ta huce.”

Ya sa yaronsa ya taɓa zugazugi, ya ɗora wayar a kan garwashi har ta yi ja kaɗan, irin jan da sai a inuwa ake ganinsa, ya tsoma ta a ruwa, ya miƙo mini. Na naɗe ta a ɗan yatsa kamar zare. Na ce masa ni a sanina tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa ƙara masa tauri yake yi. Ya ce wannan halin ƙarfen wuƙa ne da na gatari. Tagulla da jan ƙarfe ba ruwansu, ko a tsoma ko a bar su su huce da kansu, laushin ɗaya ne. Ya kuma gargaɗe ni cewa siririyar waya ba ta da haƙurin wuta, kafin ƙiftawar ido ta narke ta dunƙule, don haka in naɗe ta ƙawanya in riƙa yawo da ita a bakin harshen wuta.

Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya cinye mini mako biyu, dattijon nan ya warware shi kafin shayin da ya aika a sayo mini ya iso. A gida da risho nake gasawa, da daddare, don in ga launin sosai.

Asabar, 21 ga Disamba

Zobba da ƙusoshi masu ido. Wayar jan ƙarfe na samo wajen masu naɗin fanka, daga wani koyil da ya ƙone, na babbake fentin jikinta na goge. Don zobba, ina naɗe wayar a jikin allura kamar sifirin, in bi ta tsawonsa da reza, sai su zubo duk girmansu ɗaya. Mai ido kuma, a rataya wayar a allura, a kama bakin biyu da filaya a murɗa. Nan ma allurar ce ke riƙe awo, ba idona ba.

Likin dalma ya koya mini tsafta. Inda yatsa ya taɓa, dalma ba ta kamawa. Sai an kankare wurin ya yi ƙyalli, a shafa ɗan man liki, a yanki dalma kamar ƙwayar gero a aza, sannan a kawo zafi a jikin ƙarfen, ba a kan dalmar ba. Idan akwai wani liki kusa, ina danne shi da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya sake. Ranar da babu wuta, ƙusa mai kauri nake gasawa a risho, tana yin aikin.

Baƙanta su kuma da dafaffen ƙwai na yi. A farfasa shi da zafinsa a cikin kwalba, a zuba kayan a ɗan murfi a gefe, a rufe ruf a bari ya kwana. Tururin ƙwan yana ɗauke da sinadarin farar wuta, shi ke rina jan ƙarfe. Da safe na tarar sun yi duhu irin na tsohon ƙarfen da ya sha ruwan teku, wanda fenti ba zai taɓa bayarwa ba. Tagulla ba ta karɓa sosai ba, dalma kuwa ko gezau, waɗannan sai na bi su da tsinke da baƙin fenti.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Hunturu ya yi mini ɓarna. Sandunan gicciye shida na rataya ƙyallayen iska da na fere a watan jiya, huɗu sun gantsare kamar baka. Laifin nawa ne, da zarto na yanko su, zarto kuwa ba ya tambayar inda jijiyar itace ta nufa. Da iska ta bushe, kowace ta koma inda jijiyarta take so.

Wannan karon faskara na yi. Na kafa wuƙa a kan itacen na buga, ya tsage ta hanyarsa, na zaɓi miƙaƙƙun, na bar su mako guda a ɗakin da zan yi aikin. Wajen ferewa na bi tsarin masassaƙan jirgi na ainihi: a fara da kusurwa huɗu, a sirantar da bakin biyu tun tana haka, domin a lokacin ne ake iya aunawa. Sannan a kashe kusurwoyin su zama takwas, takwas su zama sha shida, sai sanfefa ta ƙarasa. Wanda ya yi gaggawar mulmulewa ba zai ƙara gane tsakiyar sandarsa ba.

'Yan turakun ɗaure igiya, masu tsawon milimita 5, da tsinken tsire na yi su a bakin injin huda. Guda 40 a zama biyu.

Asabar, 25 ga Janairu

Allon tuƙi, wato wanda ke bayan jirgi cikin ruwa, yana juyawa a kan maƙalai kamar ƙyauren ɗaki. Allon na aduwa ne. Maƙalan na yanko su daga gasasshen ƙyallen tagulla, faɗin kowanne milimita 1, na naɗa su a jikin allura, na lika guntun fil a rabinsu ya zama namiji, sauran su zama mata. Dole dukansu su hau layi ɗaya, in ba haka ba allon ya cije. Dabarar da ta fisshe ni ita ce na zura doguwar allura ta cikin matan duka kafin in kafe su a jikin jirgi, na zare ta bayan gam ya kama.

Ina wannan aiki ina tuna abin da ya faru a 1872. A watan Yuni na shekarar Cutty Sark da babban abokin hamayyarsa Thermopylae suka baro Shanghai tare, kowanne maƙare da shayi. Cutty Sark yana gaba da kusan mil 400 lokacin da guguwa ta ɓalle masa allon tuƙi a tekun kudancin Afirka, cikin watan Agusta. Ɗan'uwan mai jirgin yana ciki, ya matsa a ratse zuwa tashar Afirka ta Kudu a yi gyara. Kyaftin George Moodie ya ƙi. Kafintan jirgin, Henry Henderson, ya tattara sandunan ajiya da ƙarafan da ke cikin jirgin, aka kafa maƙera a kan dandamali, igiyar ruwa tana watsa musu garwashi suna sake hurawa. Cikin kwana shida suka ƙera wani allon suka rataya shi. Sun isa Landan bayan kwana 122, mako guda kacal a bayan Thermopylae.

Sun rasa tseren, amma har yau labarin kafintan ake bayarwa. Ni da nake zaune a kan tabarma, ƙasa ba ta motsi a ƙarƙashina, sai da na yi yini biyu a kan maƙalai. Da na taɓa allon da tsinke ya juya dama ya juya hagu ba tare da cijewa ba, na daɗe ina kallonsa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Anka biyu, daga tsofaffin makullan tagulla. Kaurin makulli ya yi daidai, kuma tagullarsa tana jin magagari. Na manna zanen a kai, na zagaye da zarto, sauran duk guga ce. Sandar katakon da ke saman anka tana gicciye ne da hannuwan ƙasa, ba ta bin layinsu. Hikimar ita ce idan ankar ta faɗi a kwance, sandar ce za ta mirgina ta har ƙugiya ɗaya ta kafe a ƙasan teku. Sarƙa kuwa wajen 'yan koli na samo, cikin sarƙoƙin wuya na yara, na zaɓi mafi ƙanƙantar ido.

A goshin ainihin jirgin akwai sassaƙen wata mace da ta miƙa hannu, sunan jirgin ma daga 'yar gajeruwar rigar da take sanye da ita aka samo shi, a harshen mutanen Sikotlan. Na yanke shawarar ba zan sassaƙa surar mutum ba. Zan sa naɗaɗɗen ganye a wurin, irin adon da wasu jiragen zamanin suke ɗauke da shi a goshi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na fara sulken gindin jirgi, aikin da na daɗe ina jin nauyinsa.

Cutty Sark haƙarƙarinsa na ƙarfe ne, fatarsa ta katako, kuma wannan haɗin ba don ado aka yi shi ba. Jirgin da ya daɗe a ruwan zafi, ciyawa da ƙananan halittun teku suna manne masa su rage masa gudu, wata tsutsa kuma tana cin katakon kamar yadda gara ke cin azara. Maganin abin shi ne a lulluɓe gindin da jan ƙarfe ko danginsa. To amma jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ba sa zama tare a ruwan gishiri, baƙin ne ke ciwuwa. Shi ya sa aka sa katako a tsakani ya raba su. Abin da aka lulluɓa wa wannan jirgi shi ne haɗin da George Muntz na Birmingham ya yi wa rajista a 1832, kashi 60 jan ƙarfe, kashi 40 tutiya, mai launin rawaya, ya kuma fi zallan jan ƙarfe araha. Waɗanda suka ga jirgin bayan gobarar da ta kama shi a 2007 da sake buɗe shi a 2012 suna iya tsayawa a ƙarƙashinsa, domin an ɗaga shi sama, su ga gindin yana walƙiya.

Falle ɗaya na irin wannan sulke ƙafa 4 ne a tsawo, inci 14 a faɗi. A awona ya koma milimita 12.7 da 3.7. Na ƙiyasta zan buƙaci fiye da 2,000. A Ƙofar Ruwa na sayi mataccen lagireto na tsohuwar mota, na warware siraran ganyayensa, na gasa, na murje su a kan gilashi da bayan cokali. Nasu launin ya fi ja, na haƙura da hakan. Kafin in yanka ko ɗaya, sai da na yi yini guda ina haɗa mayanki: katako mai 'yar katanga a gefe, da rular ƙarfe da na kafe da ƙusa biyu a tazarar milimita 3.7. A tura falle ya dafa katanga, a ja reza, a sake turawa. Ɗan yayana ne ke ƙirga su yana zubawa a gwangwanin tumatir, ɗari-ɗari.

Mannawa daga baya ake farawa, daga ƙasa, kowane falle ya ɗan hau kan na bayansa kamar ɓawon kifi, don ruwan da ke tahowa daga gaba kada ya sami baki. Zuwa daren nan na manna 212, layi huɗu a gefen hagu. A layi na biyar jikin jirgin ya fara kumbura, fallayen sun soma neman buɗewa ta sama, dole in riƙa saƙa wasu masu siffar tsini a tsakani. Azumi ya ƙarato, jibi ko gata, kuma wannan aiki ba na mai jin ƙishirwa ba ne. Zan mayar da shi bayan sallar asuba, falle talatin kowace rana. Gwangwani shida na nan cike, na rufe su da leda saboda ƙura.